Manhajar Feeder: ta dace da mai tsimin data a Garwa da Marwa, arewacin Kamaru

Feeder kyauta ce a wayoyin Android, ba talla, ba buɗe asusu. Aikinta karanta RSS, wato ƙaramin fayil da shafin labarai ke sabuntawa duk sanda ya saka sabon rubutu, ɗauke da kanun labari, kwanan wata da adireshinsa. Manhajar na leƙa fayil ɗin lokaci zuwa lokaci, ta sauke shi, ta ƙara maka labaran da ba ta taɓa gani ba.

Saka shafi ba wuya. Ka liƙa adireshinsa, ita za ta nemo fayil ɗin. In ta kasa kuma shafin na WordPress ne (wata manhaja da ake gina shafuka da ita), ƙara /feed a ƙarshen adireshin.

Inda ta fi burgewa shi ne karatu ba intanet. Ka saita ta sauke labarai sai da Wi-Fi, ka karanta a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde ko da sabis ya ɗauke.

Matsala uku. Wasu shafukan layi biyu kawai suke sakawa a fayil, sai ka kunna zaɓin sauke cikakken labari. Sannan tsarin tsimin batir na wasu wayoyi kan hana ta sabuntawa a ɓoye, dole ka cire mata wannan takunkumi. Shafukan Facebook kuwa ba sa bayar da RSS.