Kafinta a Abuja: Kugbo, Dei-Dei ko kwantena?

Kafin ka tambayi kuɗin haya, ɗauki tef ka auna ƙofa. Falan filawud ƙafa 8 ne a tsaye, 4 a kwance, katako kuwa galibi ƙafa 12 yake zuwa. Shagon da sai an karkata fale kafin ya shiga, ko wanda injin yanka ba zai samu ƙafa 12 a gaba da wasu 12 a baya ba, arharsa ba ta da amfani, don rabin aikin a bakin titi za ka riƙa yi.

Masu neman komawa sabon wuri yawanci tsakanin Kugbo da Dei-Dei suke kai-kawo. Kugbo, a kan hanyar Nyanya, kasuwar kujeru da gadaje ce, mai saye da ƙafarsa yake zuwa. Sai dai maƙwabcinka ma irin kayanka ya baje, kuma cunkoson mahaɗar AYA zuwa Nyanya da yamma zai iya cinye maka alƙawarin kai kaya. Dei-Dei kuwa nan katakon yake. Ka sayi mahogani ko filawud, ɗan dako ya turo maka a baro, masu injin feraya suna kusa, ba sai ka sayi naka ba tukuna. Wanda aikinsa na oda ne, ƙofofi da kabad na kicin, ni dai Dei-Dei zan ce masa. Wanda yake ƙera ya ajiye ya jira mai saye, Kugbo ta fi masa.

Kwantena ita ce mai ruɗi. Tana da arha, taka ce, amma filin da ka ɗora ta ba naka ba ne, kuma a Abuja ba a wasa da masu rusau: in suka shafa jan fenti, magana ta ƙare. Ga zafin Maris da ke mayar da ita tanda, gam ya bushe kafin ka haɗa. Shago a filaza kuma na tela ne da baduku. Ƙarar inji da ƙurar katako za su haɗa ka faɗa da mai gida cikin wata guda.

Sai wuta. Tambayi maƙwabta layin AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, na wane rukuni ne. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Da tsada, amma ka kwatanta da man janareta. Ka duba ko akwai wuta mai layi uku in injinka na buƙata, mita kuma mai kati ce ko ta haɗaka, kuma ba bashin wani za ka gada ba. Kuɗin ejan da na lauya ma a faɗa maka tun farko.

In ka biya, kada a-kori-kura ta fara zuwa. Je da alli ka zana wurin kowane abu a ƙasa: katako kusa da ƙofa, injin yanka a bayansa, benci inda hasken taga yake, wurin feshin fenti can nesa da ƙura. A ja waya a sa soket tun ɗakin yana wayam. Ranar kwashe kaya, injuna su fara shiga, an cire musu ruwan zarto an naɗe daban, ƙananan kayan aiki kuma su biyo a akwati mai kwaɗo.