Eksire ko CT sikan: wanne ke gano abin da ya toshe hanji?

Ɗan'uwa, ka ce Inna ta kwana biyu tana amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa. An yi eksire, likita ya ce hanji ya toshe, kuma ya tura ku CT sikan, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanki-yanki. Kana tambaya ko ba aiki ɗaya suke yi ba. Allah ya ba ta lafiya. Ba ɗaya ba ne.

Eksire yana da araha da sauri. Zai nuna hanji ya cika da iska da ruwa, wato akwai toshewa. Abin da ya toshe shi kuwa, da wuya ya nuna. In ƙaba ce ta maƙale, wato hanji ya ɓullo ta bangon ciki, ko akwai tabon tsohuwar tiyata, likita yakan gane daga duba ciki da hannu.

Ga tsohuwar da ba a taɓa yanka cikinta ba, kuma babu ƙaba a fili, a nan CT ke da ranarsa, domin yana bin hanjin har wurin da ya tsuke. Wani lokaci tsakuwar matsarmama ce ta huda ta faɗa hanji. Idan ta wuce santimita 2, takan maƙale a ƙarshen ƙaramin hanji, kuma yawancin irin waɗannan tsakuwoyi ba sa fitowa a eksire. Akwai kuma wata ƙaba da ke ɓuya can cikin ƙugu, wadda ta fi kama tsofaffin mata ramammu. Hannu ba ya jin ta. Alamarta ciwo ne da ke sauka ta cikin cinya zuwa gwiwa, sai a ɗauka sanyin ƙashi ne. Ka tambayi Inna wannan, ka gaya wa likita.

CT yana kuma nuna ko jini ya daina isa hanjin, abin da ke sa a gaggauta tiyata. Tsada ce matsalarsa, kuma akan gwada ƙoda kafin allurar da ke haska hoton.

Ni dai shawarata ku yi shi yau, ko da sai kun je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada a ba ta kunu, jiƙo ko maganin wankin ciki. In zazzaɓi ya shigo ko cikin ya yi tauri, likita na iya shiga tiyata ba tare da jiran hoto ba, kada ku hana.