Tafiretar da na saya a gwanjon kayan gida a Ohio, bayan wata uku

Wata uku kenan da na ɗauko wannan tafireta kuma kusan kullum sai na kunna ta, to yanzu dai ina ga zan iya faɗin gaskiyar yadda take da yadda na same ta.

A nan Amurka idan tsoho ya rasu ko aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi, sau da yawa magada ba sa tsayawa rabon kujera da tukunya, kamfani suke kira ya zo ya liƙa wa komai farashi, a buɗe gidan kwana biyu ko uku kowa ya shiga ya saya. Estate sale suke ce masa. Wallahi ranar da na fara shiga irin wannan gida jikina ya yi sanyi, ga takalman mutum a jere bakin ƙofa, ga kofin shayinsa, har tabaransa an manna masa takardar dala biyu, mutane kuma sai buɗe durowa suke kamar a kasuwa. Har yau ban saba ba.

Ita wannan a hotunan da suka sa a intanet na hango ta, can a gefen wani teburi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wani gida a wajen Columbus. IBM Correcting Selectric II ce. Ranar Juma'a na yi sammako aka ba ni lamba na bi layi, na tarar sun sa mata dala 80. Na daure na tafi na bar ta, don al'adarsu ranar ƙarshe ana karya farashi zuwa rabi, kuma na lura masu rububi duk kan gwala-gwalai da kayan kafinta suke, ba mai kallon ƙarfen da ya haura kilo 15. Lahadi na koma tana nan, dala 40.

Abin da ya ɓata min rai shi ne matar da ke karɓar kuɗi ta hana ni jona ta a wuta in gwada, wai cunkoso ya yi yawa, ta ce ai tana aiki lafiya. Kuma ka'idar wajen in ka biya shikenan, ba a mayarwa. Da na zo gida na kunna sai motar lantarkin da ke cikinta ta yi ta gunji amma haruffa da kyar suke motsi, wani ya buga wani ya ƙi. Ba laifin injin ba ne, giris ɗin cikinsa ne ya bushe ya zama kamar ƙaro saboda shekarun da ta yi a ajiye cikin danshi. Sati biyu na yi ina goge shi kaɗan-kaɗan da tsohon buroshi ina ɗiga sabon mai mara kauri. Don Allah duk wanda zai saya ya tafi da farar takarda da doguwar waya, ya nace sai ya gwada, in sun ƙi ya haƙura.

Amma da ta warware, kai jama'a! Ba irin tafiretar da muka sani a bakin kotu da sakatariya ba ce mai sandunan haruffa da suke sarƙewa in ka yi sauri. Ita ƙwallo ɗaya gare ta kamar na golf, da haruffa da alamomi 88 a jikinsa, kana taɓa maɓalli zai juya ya karkata ya bugi takarda kafin ka ƙifta ido, kuma takardar ba ta zuwa hagu da dama, ƙwallon ne ke tafiya. A 1961 IBM suka fara fito da wannan fasaha, mai gyaran kuskuren kuma a 1973. Wannan gyaran shi ya fi burge ni, ka danna maɓalli ɗaya ta koma baya, ka sake buga harafin da ka yi kuskure sai wani siririn tef mai danƙo ya ɗauke tawadar tas, ko alama babu. Ƙwallon ma ana cire shi da yatsa biyu a sa wani mai salon rubutu daban. Sai dai a kula, ƙwallon Selectric III, samfurin da ya biyo bayan wannan, mai haruffa 96 ne kuma ba ya aiki a wannan, ni ma na sayi guda ɗaya a wani gwanjon kafin in gane, da rubutun ruwan ɗorawa da ke samansa ake gane shi.

Hausa fa sai haƙuri, ƙwallona ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai dai in buga k in bi ta da waƙafin sama. Sannan masu tunanin aika irinta gida, wutar Amurka 120 ce ta Najeriya da Nijar kuma 220 zuwa 230, in aka jona ta kai tsaye motar ta ƙone.

Akwai abin da ya tsaya min a rai. Ribon ɗin da tafiretar take amfani da shi, wato tef ɗin da ke ɗauke da tawada, na leda ne mai bugu ɗaya, duk harafin da aka buga yana barin gurbinsa fayau a jiki. Da na zaro tsohon da na tarar a ciki na ɗaga shi a hasken taga sai na ga ana iya karanta komai a jere, wasiƙa ce mai gidan yake rubuta wa wani, na ga gaisuwar farko da rabin layi. Nan na tsaya. Na naɗe shi na sa a ambulan na kai wa kamfanin na roƙe su su miƙa wa iyalansa, sannan na yi odar sabon ribon.