Masu duba sito da suka sa gobara da ɓarawo a lissafi ɗaya

Taki da maganin feshi nake sayarwa a Gombe, yawancin masu sayen kayana manoman rani ne na Dadin Kowa. Kwanaki na ɗauko wani ƙaramin kamfani mai duba wuraren ajiyar sinadarai, kuma kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi burge ni, ba su raba aikin gida biyu ba. Mai gadi kullum cewa yake a rufe ko'ina, 'yan kwana-kwana kuma su ce a bar hanya. Sitona na haya ne, wanda ya riga ni ya toshe tagogin da bulo saboda ɓarayi. Injiniyar da ta zo ko minti ɗaya ba ta yi a ciki ba ta fito tana tari, ta ce, "Alhaji, bulon nan ya hana ɓarawo shiga, ya kuma hana wari fita." Aka fasa, aka saka rodi mai kauri da raga. Ƙofar baya kuma aka yi mata sakatar da sai daga ciki take buɗuwa.

Ta fi daɗewa a kan ƙwayar da ake sa wa wake da masara. Da danshi ya taɓa ta sai ta saki iska mai kisa, har wuta tana iya kamawa, ga shi rufin yana ɗiga daidai wajen. Yanzu tana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a kan katako.

Yuriya kuwa littafi suka buɗe mana: sunan mai saye, garinsu, buhu nawa. Mu da muke iyaka da Borno da Yobe mun san dalilin da ya sa jami'an tsaro ke sa ido a kan takin nan: ana iya haɗa bam da shi. Ta kuma tuna mini Beirut, ranar 4 ga Agustan 2020, inda kusan tan 2,750 na wani sinadarin taki mai suna ammonium nitrate da aka jibge shekara da shekaru a sito ya tashi, sama da mutum 200 suka rasu.

Ƙorafina shi ne rahoton da Turanci suka rubuto shi, alhali yaran da ke sauke kaya ba sa karanta Turanci. Sai da na zauna na yi musu bayani layi-layi. Farashin ma zai yi wa mai ƙaramin shago nauyi, gara maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi a duba musu rana ɗaya.