Kwana biyar ina kai jinin Umma ɗakin gwaji: abin da na gani

Daren da ciwon ya taso wa Umma, duk gidan mun ɗauka olsarta ce ta motsa. Ciwo ne a saman ciki, daidai ƙasan ƙirji, yana ratsawa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Sai da muka kwana muka wuni muna ɗura mata maganin olsa kafin muka kai ta asibiti. A can aka ce fankiriyas ɗinta ce ta kumbura, wato sashen nan da ke kwance bayan tumbi, mai fitar da insulin da ruwan narkar da abinci. Hoton ciki ya nuna tsakuwa a maɗaciyarta, ita ce ta gangaro ta toshe hanya.

Ba duk gwaje-gwajen ake yi a asibitin ba, don haka aka tura ni wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Kano, tafiyar ƴan mintuna a adaidaita sahu. A kansu nake wannan sharhi.

Sakamakon farko ya fito cikin awa biyu, har suka turo min ta WhatsApp kafin in koma karɓar takarda. Wannan saurin na yaba musu shi, kuma bai canza ba har ranar ƙarshe. Amma abin da na gani ya sa gwiwata ta yi sanyi: sinadarin laifes, wanda fankiriyas ke fitarwa, ya ninka iyakarsa fiye da sau goma. A tsaye na iske likitar, hannuna na rawa. Na ce, "Likita, wannan lambar fa?" Ta ce, "Malam, zauna. Laifes aikinsa ya gaya mana sunan ciwon. Da ya ninka sau 3, ga kuma irin wannan ciwon cikin, magana ta tabbata. Amma yawansa ba ya nuna tsanani. Wani nasa zai hau sama ya tashi cikin kwana huɗu, wani nasa kaɗan ne ya ƙare a ɗakin kulawa ta musamman. Kada ka sake kashe kuɗinka a kan maimaita shi."

A nan ne nake da ƙorafi na farko. Washegari ma'aikacin da ke karɓar kuɗi ya ba ni shawarar a haɗa min laifes da amailes, shi ma sinadarin fankiriyas ne, cikin gwajin ranar, wai don a ga ko ana samun sauƙi. Ba na zaton cuta ya yi niyya, amma mai jinya a gigice yake, duk abin da aka miƙo masa karɓa zai yi. Ba don maganar likitar ba, da na biya.

Abin da ta sa wa ido wasu gwaje-gwaje ne masu araha da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba: yuriya da kiriyatinin, masu nuna lafiyar ƙoda, da PCV, ma'aunin kaurin jini. Ta bayyana min cewa idan kumburin ya yi ƙarfi, ruwa kan tsere daga jijiyoyi, jini ya yi kauri, ƙoda ta fara jin jiki. PCV da ya wuce 44, ko yuriya da ke hawa maimakon sauka duk da ƙarin ruwan da ake yi, su ne ƙararrawa. Ta nuna min wani ma'auni mai suna BISAP da aka fitar a 2008, mai abubuwa biyar: hawan yuriya, gushewar hankali, alamun kumburi a duk jiki irin zazzaɓi da saurin bugun zuciya, shekaru sama da 60, da taruwar ruwa a gefen huhu. Umma tana da 63, ta riga ta ɗauki maki ɗaya tun kafin a taɓa jininta. Tsohon ma'aunin da John Ranson ya tsara a Amurka a 1974 yana buƙatar abubuwa 11, kuma ba ya kammala sai bayan awa 48. Ga wanda ke biyan kowane gwaji daga aljihunsa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Wani abu da ya kusa ruɗa ni: na duba a intanet na ga iyakar yuriya 25 ce, takardarmu kuma ta ce 7.8. Ashe ma'aunin ne daban. Na Amurka mg/dL ne, namu mmol/L, kuma 25 ɗin can ya yi daidai da kusan 9 a nan. Matar da ke aikin gwajin ce ta ajiye abin da take yi ta rubuta min lissafin a bayan rasit. Allah ya saka mata da alheri. Da safe yuriyar ta sauko, na ga fuskar likitar ta saki.

Babban kuskurensu a kan CRP ya faru. Wannan sinadari hanta ce ke fitar da shi idan jiki ya kumbura, kuma ba ya hawa nan take, shi ya sa ake jiran awa 48 daga farkon ciwon, ba daga ranar kwanciya ba. Idan ya haura 150 mg/L a lokacin, ana fargabar ciwon zai tsananta. Gwajin gaba ɗaya lamba ce ake nema. Su kuwa suka ba ni takarda da kalma ɗaya, wai akwai shi a jinin. Likitar ta girgiza kai ta ce duk mai wannan ciwon dole a samu CRP a jininsa, tambayar ita ce nawa. Na koma raina a ɓace. Shugaban wurin bai yi musu ba, ya ba da haƙuri, ya sa aka sake da na'urar da ke ba da adadi, na cika bambancin kuɗin kawai. Amma mun yi asarar kusan awa shida, kuma wanda ya taɓa zaman jira a bakin gadon mahaifiyarsa ya san tsawon awa shida. Ya kamata duk wanda ya kawo takarda mai ɗauke da wannan ciwo, su ba shi na adadi ba tare da ya roƙa ba.

Lambar ta fito 94. Likitar ta ja kunnena cewa babu gwajin jinin da ke yanke hukunci shi kaɗai, numfashin Umma da yawan fitsarinta da hawan jininta su ma suna magana. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon nan mai sauƙi suke yi, mai tsanani kuwa shi ne wanda ƙoda ko huhu ko zuciya suka gaza fiye da awa 48. Gwajin firokalsitonin mai tsada, na gano shigar ƙwayar cuta, ta ce a bar shi, tunda babu zazzaɓi ko alamar ƙwayar cuta ta shiga.

A kwana na uku Umma ta nemi koko da kanta. An cire mata maɗaciyar kafin a sallame mu, don kada wata tsakuwar ta sake maimaita abin.

Idan buƙata ta taso zan koma wurinsu, saboda saurinsu da tsabtarsu da kuma matar nan mai rubutu a bayan rasit. Sai dai takardar likita kawai zan miƙa, ba ƙari, kuma kafin in biya kuɗin CRP zan tambaya ko na adadi ne.