Lichess: manhajar ches da na ce wa ɗalibaina su sauke

Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, kuma duk yaron da ya ce min yana son koyon ches, Lichess nake nuna masa. Kyauta ce ɗungurungum. Babu talla, babu wani ɓangare da aka kulle sai an biya. Wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya ƙirƙiro ta a 2010, kuma har yau da gudummawar masu wasa take tafiya. Ga yaron da kuɗin data ma sai ya roƙi babansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne bitar wasa. Da zarar kun gama, sai ka danna, injin Stockfish, wato kwamfutar ches da ke cikin manhajar, ya bi wasan taku-taku, ya sa alamar tambaya ɗaya inda ka yi kuskure, biyu inda ka tafka babba. Akwai wani ɗalibina ɗan aji biyar da ba ya iya haƙuri, wasa na farawa sai ya fito da sarauniyarsa. Na yi ta faɗa bai ji ba. Ranar da ya ga layin gefen allo da ke nuna wanda ke kan gaba a wasan ya rufta ƙasa lokacin da doki ya ritsa sarkinsa da sarauniyarsa a taku ɗaya, shiru ya yi yana kallon wayar, daga nan ya fara fito da dawakai tukuna. A 1997 sai da kamfanin IBM ya haɗa katafariyar kwamfuta, Deep Blue, kafin a doke Garry Kasparov, zakaran ches na duniya a lokacin. Yau wanda ya fi ta ƙarfi yana cikin aljihun ɗan Ƙofar Doka.

Sai dai inji ba malami ba ne. Zai nuna maka takun da ya fi, ba zai gaya maka dalili ba, kuma yaro na iya haddace amsa bai fahimci komai ba. Shi ya sa ranar Alhamis bayan an tashi nake shimfiɗa allon katako, mu maimaita wasannin da suka buga da hannu, kowa ya faɗi abin da ya hango. Ina kuma hana su wasan minti ɗaya. Wannan tsere ne kawai, kuma idan sabis ya ɗauke agogonka na ci gaba da tafiya. Su zaɓi na minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Idan da kwamfutar manhajar za a buga kuwa, cikin matakan ƙarfinta takwas, na ɗaya zuwa na uku sun ishi sabon shiga.

Wasu iyaye sun tambaye ni ko ba wasan Turawa ba ne. Daga Indiya ya taso wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa, Larabawa suka kai shi Andalus, sannan ya shiga Turai. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kansa, Shafi'iyya suka sassauta idan babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Ina faɗa wa iyaye hakan ƙarara, wanda bai yarda ba kuma ba na matsa wa ɗansa.

Yaran da suka taso suna kallon dattawa na buga dara a gindin bishiya ba sa shan wahalar gane tarko. A daren jiya wata ɗalibata ta buga da wani daga Indiya, ƙasar Gukesh da ya zama zakaran duniya a 2024 yana shekara 18. Ta sha kashi, amma da safe ta zo min da wasan a rubuce a bayan littafin lissafi, tana so mu duba taku na 22.