Faifai huɗu da suka taya ni ɗinkin dare

Ni tela ne, kuma in lokacin bukukuwa ya kama, dare ne ranarmu. Watan jiya ɗinkin anko ya yi mini yawa, rediyo kuma ta gundure ni, sai ƙanena da ke jami'a ya zuba mini faifai huɗu a waya. Ya ce, "Yaya, gwada waɗannan, in ba su yi maka ba ka goge." Na ce masa ni kiɗan rok ban ɗauke shi komai ba sai hayaniyar Turawa masu dogon gashi. Ya yi dariya, ya ce ai na farkon ma ɗan Nijar ne.

Na farkon shi ne Afrique Victime na Mdou Moctar, wanda ya fito a 2021. Ba'abzine ne, da Tamashek yake waƙa, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba a harshen. Amma tun waƙar farko, Chismiten, ƙafata ta kama taka keke daidai da gangar. Kiɗa ne da kunnena ya riga ya sani: a ɗauki gaɓa ɗaya a yi ta juya ta, mawaƙi ya bayar 'yan amshi su karɓa, ga tafi a ƙasa, kamar dai yadda makaɗanmu ke yi a dandali. Bambancin kawai jitar lantarki ce ke jan gaba, kuma mutumin ba ya tausaya mata. A waƙar da aka sa wa faifan sunanta, wadda ta haura minti bakwai, ganga na ta ƙara sauri, jita na kuka, har sai da na dakatar da keke don kada in ɗinke yatsana. Tala Tannam kuwa a sanyaye take, irin wadda ake so wajen ƙarfe ukun dare in ido ya fara yaji.

Abin da ya ƙara mini son shi, ashe faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin muryar nan ta kwamfuta da ake sa wa waƙoƙin finafinanmu, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yi ta yawo hannu zuwa hannu a Sahara. Jitarsa ta farko ma da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Ƙorafina ɗaya ne: a lasifikar waya duk kaurin kiɗan ɓacewa yake yi, sai ƙara. A sa abin kunne.

Daga nan na shiga Paranoid na Black Sabbath, 1970, mutanen Birmingham ta Ingila. Na shiga da ɗari-ɗari, don sunan ƙungiyar kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi a'uziyya. Sai na tarar waƙar farko, War Pigs, zagin masu mulki ce, waɗanda ke kunna wutar yaƙi su tura 'ya'yan talakawa su mutu, a lokacin kuwa ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Muryar Ozzy Osbourne, wanda ya rasu a Yulin 2025, ba daɗi gare ta ba, ta hanci take fita, kuma har yanzu ban saba da ita ba. Mai jitar ne ya riƙe ni. Tony Iommi yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu, a hannun da yake danne tsirkiya da shi. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya ci gaba da kiɗa. Duk wanda ke aiki da inji, ko na ɗinki ne, ya san abin da wannan ke nufi. Kuma shi ma bahago ne, kamar Mdou Moctar. Salonsa gajeriyar gaɓa ce mai nauyi, ya yi ta maimaita ta har ta zauna maka a ƙirji, kuma nan na gane abin da kunnena ke nema a irin wannan kiɗa: maimaicin nan da na taso da shi a kalangu, ko da wane kaya aka yi shi. Akwai wata a tsakiyar faifan, Planet Caravan, mai sanyi da 'yar ganga ta hannu, ba ka ce mutanen nan ne suka yi ta ba. Wadda mai ganga ke ta duka shi kaɗai kuwa tsallake ta nake yi.

Master of Puppets na Metallica, 1986, bai karɓe ni ba. Na san gwanaye ne, hannunsu kamar inji, kuma waƙar da ke ɗauke da sunan faifan a kan yadda ƙwaya ke mayar da mutum bawa take, batun da mu ma ya dame mu a unguwa. Amma da na kama gaɓa sai su sauya ta, kafin in zauna sun tashi. Ina jin sa na karkata wuyan wata riga, sai da na farke. Orion kaɗai na bari, wadda babu murya a cikinta.

Na ƙarshe shi na fi komawa gare shi, kuma shi ne mafi ƙarancin kaya: faifan farko na Tracy Chapman, Ba'amurkiya, 1988. Mace ɗaya, jita ta katako, murya mai kauri wadda da farko na ɗauka ta namiji ce. A shekarar ce ta hau dandalin Wembley a bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku, duniya ta san ta. Ta tuna mini marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ba don kiɗan ya yi kama ba, sai don waɗanda take yi wa waƙa: mai layin neman aiki, yarinyar da ta bar makaranta don ta kula da uba mashayi. Turancina na sakandare ya ishe ni bin ta, don ba ta haɗiye kalma. Behind the Wall ko jita babu, murya ce zalla, tana ba da labarin kukan maƙwabciya da ake duka ta bayan bango, da 'yan sandan da ba sa zuwa a kan lokaci. Ba ta kai minti biyu ba. Mun taɓa zama gidan haya mai irin wannan bango, shi ya sa na kasa jin ta ina aiki, sai na ajiye almakashi.

Da ƙanena ya zo karɓar kaftaninsa ya tambaye ni me zai goge. Na ce ya cire Metallica ban da waccan ɗayar, ya sa mini Funeral for Justice, wanda Mdou Moctar ya fitar a 2024, don akwai ankon mutum arba'in da ke jirana ƙarshen wata.